Shawarwarin masu gyaran ciyawa ga sabon shiga

Waɗanda suka daɗe suna gyaran ciyawar gidaje a Abuja bakinsu ya zo ɗaya kan abu guda: kunyar ƙwanƙwasa ƙofa ta fi rashin inji hana sabon shiga motsi. Maganinta, in ji su, a fara da gidan maƙwabci ko ɗan uwa, a gyara shi tsaf, a ɗauki hoto kafin aiki da bayansa, a riƙa sakawa a WhatsApp.

A unguwanni irin su Gwarinpa da Maitama kuwa, ta hannun maigadi ake shiga. Shi ya san gidan da ciyawa ta yi wa yawa, shi zai miƙa lambar waya ga maigida. A gaishe shi da mutunci.

Kan farashi aka rabu. Wasu sun ce a sassauta da farko, wasu suka ce wanda ya saba da araha ba ya yarda da ƙari, kuma nan na fi karkata. A lissafa kuɗin fetur da na mota kafin a yanke kuɗin aiki, a kuma ƙulla yarjejeniyar wata-wata tun kafin damina ta sauka a Afrilu. Da rani sai a koma ban ruwa da datse furanni.