Idan aka ce abu "tsayayye" ne, me ake nufi a magana, a lissafi, da a kimiyya?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma ina fatan malamai za su warware mini ita. A maganarmu ta yau da kullum, idan muka ce wane tsayayye ne, yabo muke yi, domin muna nufin shekaru sun shuɗe amma bai sauya hali ba. To a ajin lissafi sai na ji ana kiran wasu lambobi tsayayyu, a ajin kimiyya ma aka ce gudun haske tsayayye ne. Shin ma'ana ɗaya ce a wuraren nan uku, ko kuwa aron kalmar aka yi aka ɗora mata wani kaya dabam?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in taɓa ɓangaren harshe. Hausa ba ta zuba rashin canzawa a kwando ɗaya ba. Ɗorewa na nufin abu ya ci gaba duk da an yi tsammanin zai yanke, dawwama kuwa ta fi nauyi domin babu ƙarshe a cikinta, sannan akwai kafewa, wadda ita ma rashin sauyawa ce amma zargi ce. Abin lura shi ne ba ma yabon tsayuwar abin da ba shi da zaɓi. Babu mai ce wa dutse mai riƙon alƙawari don an same shi inda aka bar shi. Wanda ake yabo shi ne wanda aka ja shi, aka tsorata shi, ko aka kwaɗaita masa, amma ya ƙi gusawa, alhali shi kansa ya tsufa, ra'ayinsa kan abubuwa da dama ya sauya, zare ɗaya ne kawai a halinsa bai tsinke ba.

Malamar Lissafi ta amsa:

Malam ya faɗi gaskiya, kuma a nan ne lissafi ya raba hanya da magana, domin lamba ba ta jure komai. Tsayuwa a wurinmu iri biyu ce. Idan na rubuta y = 3x + 5, to x na iya zama kowace lamba, y kuma ta bi ta, amma 3 da 5 ba sa motsi. Sai dai tsayuwarsu ta cikin wannan aikin ce kawai, gobe ina iya rubuta 7 a gurbin 5 ba tare da na yi laifi ba.

Iri na biyu shi ne wanda babu mai ikon sauya shi. Ka ɗauki zare ka naɗe bakin kofi, ka miƙe zaren a kan rula, sannan ka auna faɗin bakin ta tsakiya, ka raba na farko da na biyu. Za ka sami uku da 'yan kai. Ka maimaita da tayar mota, amsar ba za ta gusa ba sai gwargwadon kuskuren hannunka. Wannan ita ce lambar da ake kira pi, wato 3.14159 da ci gaba ba iyaka. Arkimidis, masanin lissafi Bagirke, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna cewa tana tsakanin 223/71 da 22/7. Ke nan 22/7 da ɗalibai ke haddacewa kusanci ne kawai, ba ita ce pi ba, kuma ina takaicin yadda ake koyar da su kamar abu ɗaya ne.

Duk da haka akwai sharaɗi a ɓoye. Kusurwoyin alwatika uku suna haɗuwa su ba da digiri 180 a kan shimfiɗaɗɗen waje ne kaɗai. A jikin ƙwallo za ka iya zana alwatikar da kowace kusurwarta digiri 90 ce, jimla 270.

Injiniya ya amsa:

Malama, a kimiyya lamarin ya fi haka santsi, domin mu ba hujjar alƙalami muke kafawa ba, awo muke yi. Ana koya wa yara cewa abin da ya faɗo daga sama gudunsa na ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, kuma suna ɗaukar wannan a matsayin tsayayyen adadi. Alhali a kan layin da ya raba duniya biyu kusan 9.78 ne, a ƙuryar arewa kusan 9.83, a duniyar wata kuwa wajen 1.6. Haka ruwa yake tafasa a digiri 100 na ma'aunin zafi na Selsiyos a daidai matakin teku, amma a ƙololuwar dutsen Eberes, mafi tsawo a duniya, wajen digiri 70 ya ishe shi.

Gudun haske ya fi waɗannan ƙarfi. A sararin da babu komai cikinsa, ko iska, mita 299,792,458 ne a daƙiƙa, kuma tun 1983 an juya al'amarin, da shi ake fassara tsawon mita ɗin kansa. Labarin kilogiram ya fi ba ni sha'awa. Tun 1889 ma'aunin kilogiram na duniya wani ɗan curin ƙarfe ne da ke kulle kusa da birnin Paris a Faransa, amma da aka riƙa gwada shi da kwafinsa, sai aka ga nauyinsu na ɗan saɓawa a hankali. Abin da kowa ke dogaro da tsayuwarsa ashe shi ma ba a da tabbas a kansa. A watan Mayun 2019 aka yi masa ritaya, aka jingina kilogiram ga tsayayyen adadin Planck, wato wani adadi na kimiyya da ke ɗauke da sunan masanin kimiyya Max Planck. A ganina, idan masanin kimiyya ya ce abu tsayayye ne, abin da ya dace a ji shi ne: an auna, an sake aunawa, ba a kama shi yana sauyawa ba.

Ɗalibar Likitanci ta amsa:

Ina neman izinin malamaina in ƙara abu ɗaya. Zafin jikin mutum yana zama kusa da digiri 37 ko ana sanyi ko ana zafi, amma ba a zaune yake samun hakan ba. Idan zafi ya yi yawa gumi ya keto, jijiyoyin jini na fata su buɗe, idan sanyi ya kama kuma tsoka ta shiga karkarwa don ta samar da ɗumi. Wannan tsayuwar aiki ce da ba ta hutawa, kuma ta fi kama da ta mutumin da Malam ya siffanta fiye da ta pi.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. Malama, na gwada zaren da kofi sau uku, na sami 3.2, da 3.1, da kuma 3.15. Yanzu alwatikar nan mai digiri 270 nake son a nuna mini yadda ake zana ta, domin na ɗauko ƙwallo da alli amma layukan sun ƙi haɗuwa.