Musayar Waƙa: Mai Fitowa a Uba, Gobe a Boka

Malam Sani, Bukoki, Yamai:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau kan ɗan wasan da ba shi ne jarumin fim ba za mu yi. Na buɗe da "wa".

Jarumi ne ake bugawa a hoto,
Na gefensa shi nake son yabawa.
Yau uba ne da carbi, gobe boka,
Jibi mai gadi yana gyangyaɗawa.
Sau da dama magana uku ce rabonsa,
Su ne kuma 'yan kallo ke maimaitawa.
Labarin duka zai karanta da farko,
Shafinsa kaɗai ba ya wadatarwa.
Ya san daga ina mutumin ya fito,
Da abin da ya zo ɗakin nan karɓowa.
Sai ya zaɓi alama ɗaya, ko biyu:
Tafiya, ko tari, ko hula mai karkacewa.
In ya haɗa ɗingishi, in'ina da ƙifce,
Mutumin ya ɓace, sai ɗan kama ke tsayawa.

Hajiya Rabi, Tawa:
Malam, ka yi hali, ka bar mini kaya. Na karɓa da "ba".

Mai gadi ba ya sa rigar da ta fito shago,
Ido na gane tufar da ba ta sha rana ba.
A jiƙa ta a ruwan shayi, a goga mata dutse,
A shanya kwana biyu, ba a kai ta guga ba.
Fara fat kuwa haske take kwashewa,
Fuskar mai ita ba za ta fito ba.
Mai ƙananan ratsi ita ma a ajiye,
Rawa take a telbijin, ba za ta tsaya ba.
In da faɗa ko jini, a ɗinka biyu iri ɗaya,
Ɗauka ta biyu ba za ta jira wanki ba.
Ga babban ramin, wanda ake ce wa rakor:
Shi fim ba a jere ake ɗaukarsa ba.
Ya tura ƙofa ran Litinin da safe,
Cikin ɗakin sai bayan sati uku, ba ranar ba.
Carbi na dama in ya koma hagu,
Mai haɗa hoto ba zai iya ɓoyewa ba.
A ɗauke shi a waya, gaba da baya,
Kuma ba shi ba wanzami in ba a kammala ba.

Ɗan Adar:
Hajiya, Allah ya ƙara basira. Nawa na gaban kamera ne.

Wanda ya taso a dandalin tiyatir,
Irin na su Yazi Dogo, sai ya lura:
Can murya har layin baya ake jefa ta,
Nan makirfo na bisa kansa, kada ya ƙara.
Akwai alama a ƙasa, tef ko ɗan dutse,
Taku ɗaya ya wuce, ya dushe a kamera.
Ba ya duban ƙasa yana nemanta,
Ya ƙirga takunsa tun kafin a fara.
Ɗauka ta nesa, ta tsakiya, ta kusa,
Motsin ɗaya ne, yadda aka tsara.
In ya kurɓi shayi a kalma ta huɗu,
Nan zai kurɓa ko an maimaita sau tara.
Kada ya hau kan maganar abokin wasa,
Murya biyu in sun cakuɗe ba sa gyara.

Inna Hadiza, Yamai:
'Ya'yana, kun faɗi sana'ar, bari in faɗi abin da take jawowa.

Zalika Sule, a shekarar 1966,
Mustafa Alasan ya sa ta a fim, aka san ta.
Umaru Ganda ya kira ta a fim ɗin Wazzou,
Labarin kishi ne, ta ba shi haƙƙinsa da fuskarta.
A 1972 fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO,
Bikin finafinan Afirka a Wagadugu, kuma akwai guminta.
Ta iya fitowa a muguwar mace ƙwarai,
Har jama'a suka ce ai shi ne halinta.
Sinimarmu ta durƙushe, aiki ya yanke,
Rahmatu Keita ta je ta ɗauki labarinta.
A 2021 Zalika ta koma ga Mahalicci,
Allah ya yafe mata, ya jiƙan ta.

Malam Sani:
Amin, Inna.

Wanda ya yi mugu sau uku a jere,
Da wuya a kira shi uban da ke sasantawa.
Ya nemi wani hali ko kuɗinsa kaɗan ne,
Tun kafin rigar ta kai ga mannewa.
A yi takarda kafin ranar farko:
Kwana nawa, jikka nawa ake bayarwa,
Kuɗin mota, abinci, da ƙarin kwana,
Rabi a hannu, rabi ranar gamawa.
Tasha ta maimaita, ko an sa a intanet,
Abin da aka rubuta kaɗai yake karɓowa.
Hajiya, gemun manne a zafin Afrilu,
Me ake masa ya daina zamewa?

Hajiya Rabi:
A goge haɓa da alkol ta bushe sarai,
Gam ba ya kama fatar da ba a cire wa maiƙo ba.
A shafa shi siriri, a jira ya yi danƙo,
A danna da ɗanyen ƙyalle, ba da yatsa ba.
Ɗaukar kusa a yi ta da sassafe,
Tun gumin Tawa bai fara tsattsafowa ba.