Shawarwari kan toshe ɓarakar Wi-Fi a gida da shago

Masu gyaran waya 'yan uwanmu da ke Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci a Ikeja ta Legas, sun tattauna yadda ake yi wa Wi-Fi kutse, kuma sabunta manhajar rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ce ta fi jan zance.

An tuna cewa a 2017 wani mai binciken tsaron kwamfuta, Mathy Vanhoef, ya bankaɗo ɓarakar KRACK a tsarin tsaron Wi-Fi na WPA2, wadda ke bai wa wanda ke kusa damar leƙen bayanan da ke wucewa ko da bai san kalmar sirri ba. Canza kalmar sirri ba ya maganinta. Sai an sauke gyaran da kamfani ya fitar, a rauta da waya da kwamfuta duka. A ganina nan ne sakacinmu ya fi yawa, domin za ka ga rauta a kan kantar shago ta yi ƙura, tun ranar da aka jona ta ba wanda ya leƙa saitinta.

Masu gyaran sun ce a kashe WPS, wato hanyar jona na'ura da maɓalli ko lambar PIN, a guji tsohon tsarin tsaro na WEP kwata-kwata, a koma WPA3, magajin WPA2, idan rautar na da shi. Kalmar sirri ta "admin" da ta zo da rauta a canza ta nan take. Mai shago kuwa ya ware wa kwastomomi layin baƙi, kada su hau wanda yake harkar banki da shi. Rautar da kamfaninta ya daina yi wa gyara, a sayi sabuwa.