Neman shawara: 'yata ta bar nama da madara, amma ta koma wa biskit mai cakulan

Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata ta fari, mai shekara 21, ta dawo hutu daga karatu a Ingila da wani tsarin cin abinci da take kira bigan, wato ba ta cin nama da kifi da ƙwai, ba ta shan madara, har zuma ta bari, saboda tausayin dabbobi. Ban yi mata faɗa ba, tunda ba ta ce waɗannan abubuwa haramun ne ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda take ture tuwo saboda ɗigon man shanu, sannan ta shige ɗaki da ledar Oreo da soyayyen dankalin leda da lemon kwalba. Jiya da nake share ɗakinta na tsinci ledojin biskit huɗu a ƙarƙashin filo. Shin da gaske wannan biskit na Oreo ya dace da tsarin nata kamar yadda ta ce, kuma mutum zai zauna lafiya a kansa?

Wata 'yar uwa mazauniyar Ingila:
Wa alaikumus salam Hajiya. 'Yarki ba ta yi miki ƙarya ba. Oreo na asali, mai baƙin biskit da farin ciki, ana yin sa da fulawa da sukari da man tsirrai da garin koko, kuma farin da ke tsakiya sukari ne da mai, ba madara ba. Sai dai a jikin ledar da muke saya a nan an rubuta cewa wataƙila akwai ɓurɓushin madara, domin masana'antar na sarrafa wasu kayan masu madara. Yawancin masu wannan tsari ba sa damuwa da gargaɗin, suna cewa an yi shi ne don waɗanda jikinsu ba ya karɓar madara, amma masu tsanani suna barin biskit ɗin. Nau'in da aka lulluɓe da cakulan ta waje kuwa akwai madara a cikinsa. Dokar nan ta tilasta a fito da abubuwa 14 masu tayar da borin jini a jerin kayan haɗi, ciki har da madara da ƙwai, shi ya sa ake rubuta su da manyan baƙaƙe. A kayan da take saya a gida sai ta karanta jerin da kanta, domin haɗin biskit ɗaya kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Wani ɗan uwa da ya karanci kimiyyar abinci:
Hajiya, bari in ƙara a kan bayanin Anti. Abin dabba yakan ɓuya a bayan sunayen da ba kowa ya sani ba. Idan ta ga an rubuta whey ko casein ko lactose, duk daga madara suke, kuma sukan shiga har cikin garin ɗanɗanon dankalin leda. Jelatin da ke sa alewa ta yi danƙo daga fata da ƙashin shanu ko alade ake samunsa, wanda ya shafe mu ta fuskar halal ma. Lambar E120 jan launi ne da ake tatsa daga wani ƙwaro, E904 kuma abin sa ƙyalli ne da wani ƙwaron ke fitarwa, yayin da E471 kan fito daga tsiro ko daga kitse, ba a ganewa sai kamfani ya bayyana. A Amurka wasu matatun sukarin rake suna tace shi da gawayin ƙashin shanu, don haka akwai masu guje wa farin sukari. Man koko kam daga 'ya'yan koko yake, kada kalmar bota da ke cikin sunansa na Turanci ta ruɗe ta.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Yaya, ni tambayarki ta biyu ce ta fi damuna. Ƙungiyar da ta raɗa wa wannan tsari suna a Ingila a 1944 ta gina shi ne a kan kauce wa cutar da dabba, saboda haka abu na iya cika sharaɗinsu ɗari bisa ɗari alhali sukari ne da mai da gishiri zalla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a rana, wato kimanin giram 50 ga baligi. Ƙwaya uku na wannan biskit na ɗauke da kusan giram 14, kwalbar lemo ta santilita 50 kuwa tana iya cinye kason yinin gaba ɗaya. Ki lissafa ledoji huɗun nan da kanki.

Babban abin tsoro shi ne bitamin B12, wanda ake samu a nama da hanta da kifi da ƙwai da madara, tsirrai ba sa ba da shi. Hantar mutum na adana shi na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana ganin lafiyarsa ƙalau kafin gajiya da ƙarancin jini da mutuwar yatsun hannu da na ƙafa su bayyana, kuma idan aka yi sakaci lahanin jijiya ba lallai ya warke ba. Ita kanta ƙungiyar tasu tana umartar mabiyanta su sha ƙwayar B12, maikirogiram 10 kullum ko 2,000 a mako, ko su riƙa cin abincin da aka ƙara wa bitamin ɗin. Ki tambaye ta ko tana sha, sannan ki kai ta a gwada jininta kafin ta koma, musamman da yake budurwa ce mai jinin al'ada.

Wata uwa daga Zariya:
'Yar uwa, yarinyar da ta rasa abin ci a tukunya dole ta nufi leda. Ki riƙa ɗibar mata miyar kuka a ƙaramar tukunya tun kafin a sa nama, da daddawa da man gyaɗa ko manja. Ga ƙosai da alale da ɗan wake, ga awarar da ba a tsoma a ƙwai ba, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Idan zaƙi take so akwai dabino da kantu da dakuwa da kunun aya. Cincin da gullisuwa da tuwon madara ne ba nata ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na tambaye ta bayan sallar isha'i, ta ce wata takwas ke nan da farawa kuma ba ta taɓa shan B12 ba. Mun shirya zuwa gwajin jini ranar Litinin, na kuma jiƙa waken suya tun yanzu, ta ce ita za ta tace awarar da safe.