"In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza": to wa ke canza kiɗan?

Ɗan Tela: Salamu alaikum jama'a. Jiya ni da Baba mun ɗan ja a kan karin maganar nan. Shi ɗinkin hannu ya gada a Zariya, babbar riga mai zanen aska biyu ko aska takwas, yana zaune a zaure da allura da zare riga ɗaya sai ta ci masa wata biyu ko fiye. Ni kuma ina tara kuɗi in sayi keken kwamfuta, irin wanda za ka sa masa zane ya buga maka wuyan riga kafin shayinka ya huce. Na ce Baba ai in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ya kalle ni ta saman gilashi ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ya ci gaba da zura allurarsa kamar ban yi magana ba. To don Allah wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Mai Shago: Wa alaikumus salam. Kai ke da gaskiya ƙanina, kar ka ji komai. Ka tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta ɓace? Ni da na rantse ba ni ba taransifa, sai da na ga kwastoma na ajiye kaya suna wucewa shagon maƙwabci saboda yana da POS. Sati biyu na yi na sauko. Yanzu har mai ƙosan bakin layinmu lambar akawun ɗinta na manne a jikin bokiti. Kiɗa ne ya canza, ba wanda ya nemi shawararmu.

Malamin Hausa: Wani abin dariya, ita kanta karin maganar ta taka sabuwar rawa. Kalmar "canza" daga Turanci muka aro ta, dattawa "sauya" suke cewa, in kiɗa ya sauya. Amma Mai Shago, misalinka na dole ne, an ƙwace maka zaɓi. Shi Ɗan Tela ba wanda ya hana babansa allura. Kuma ni abin da ke damuna yadda mutane suka mai da maganar nan mafaka, ɗan siyasa ya bar jam'iyya yau ya koma gobe, ka tambaye shi sai ya ce ai kiɗa ya canza.

Mai Shago: Malam ai yunwa ma dole ce 😂 in masu sayen rigar wata biyu suka ƙare fa?

Jikar Marina: Ba su ƙare ba yaya, raguwa suka yi, kuma da bambanci. Kakana marini ne. Ku je Ƙofar Mata a Kano, marinar da ake cewa tun 1498 take, za ku ga ramuka da yawa a bushe sun cika da ƙasa, amma waɗanda ke aiki har gobe baban rini ne da toka, a tsoma a ɗaga a bar iska ta buga shi sai ka ga kore yana komawa shuɗi a gaban idonka. Turkuɗin Kura kuma har yanzu Buzaye na nemansa. Abin da na lura, waɗanda suka tsira ba su bar ramin ba, abin da suke tsomawa ne suka canza, yanzu har mayafi da 'yan riguna na zamani suna rinawa suna sa hoto a Instagram. To wannan sun bar gida ne ko sun canza rawa? Ni dai na kasa raba su.

Ɗan Tela: Anti kin ɗaure ni wallahi. Amma rini daban, a namu keken yana yin abin da hannu ke yi ne, cikin minti kaɗan.

Jikar Marina: Yana yin kamarsa dai. Juya rigar ka duba bayanta, kowa ya san na hannu.

Tsohon Makaɗi: Ku bari in sa baki tunda kiɗa kuka taɓo, na yi shekaru ina rataye da kalangu. Duk kuna magana kamar kiɗa daga sama yake faɗowa mai rawa kuma ya bi. Ba haka abin yake a fili ba ɗana. Makaɗi idonsa na kan ƙafar mai rawa. In yarinya ta shigo fage ta kawo wani taku da ban san shi ba, ni ne zan matse tsarkiya a hammata in bi ta, in ba haka ba a watse a bar ni da gangata. Sau da yawa rawar ce ke canza kiɗan, masu karin magana ne dai ba su faɗi wannan rabin ba. Kai Ɗan Tela, zanen da za ka sa wa keken, wa zai zana shi? In na cikin na'urar za ka riƙa bugawa irin wanda tela dubu ke bugawa, to ɗan amshi ne kai, ko rawar ma ba ka shiga ba.

Malamin Hausa: Allah ya ƙara girma Baba. Wannan sai na kai wa ɗalibaina gobe.

Mai Shago: Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, ya sayi keken. Sai dai ka lissafa da wuta fa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya zama kishiya, in babu sola kar ka fara.

Ɗan Tela: Hmm. Gaskiya ban taɓa tunanin maganar zane ba. Baba yana da wata tsohuwar jaka cike da takardun da yake zana aska da tambari a kai kafin ya ɗora a shadda, wasu tun na kakanmu, duk sun yi ja sun fara yagewa, ban taɓa buɗe ta ba, sai dai in ya aike ni in ɗauko masa. Bari in lallaɓa shi bayan isha'i in ga ko zai bari in ɗauki hotonsu a waya.

Jikar Marina: Ka tafi masa da goro, kuma don Allah kar ka ambaci kwamfuta a zaman farko.