Neman kalma: me za mu kira gidan da ake yin wiski?

1. Jama'a, ina neman taimako. An kawo mini rubutu kan kamfanin Glenlivet na Sikotland in mayar da shi Hausa, kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya: "distillery" da "malt". Kafin wani ya fara yi mini wa'azi, ba na sha, ba kuma talla nake yi ba. Aikin tafinta ne ya kai ni.

2. Tarihin wurin a taƙaice: a 1823 gwamnatin Birtaniya ta sassauta dokar haraji kan barasa, a 1824 wani manomi George Smith ya karɓi lasisi a kwarin kogin Livet. Maƙwabtansa masu dafawa a ɓoye suka ɗauke shi maci amana, har ya koma yawo da ƙananan bindigogi biyu.

3. Da farko na rubuta "kamfanin giya", sai na goge. Ga yadda aikin yake: a jiƙa sha'ir, a bar shi ya tsira, a busar, a niƙa, a dama da ruwan zafi, a zuba yis ya yi tsami. To a nan mai giya yake tsayawa. Masu wiski kuwa daga nan suke ɗora ruwan a manyan tukwanen jan ƙarfe. Sinadarin da ke bugarwa yana tafasa a wajen digiri 78, ruwa sai ya kai 100, don haka shi ke fara tashi a matsayin tururi, a sanyaya shi ya koma ruwa. Sau biyu ake yin haka. Abin da ya fito barasa ne, ya wuce giya.

4. Wani abokin aikina ya ba da "madafar barasa". Ta yi daɗin faɗi, amma madafa kicin take kawo wa mutum a rai. Ni na karkata ga "matatar barasa". Ya ce ai tacewa da rariya ake yi, ina rariya a nan? Na ce masa, Malam, matatar mai ta Kaduna da rariya take aiki? Ɗanyen mai ake dafawa a raba shi ta tururi, kuma kowa ya karɓi sunan ba gardama. Ya yi shiru.

5. Wadda ta fi ba ni wahala ita ce "malt". Bahaushe ya ji kalmar nan, Maltina ce ke zuwa masa, abin da ake raba wa baƙi a wurin ɗaurin aure. In na rubuta "wiskin malt" na ɓatar da mai karatu ke nan, ƙila ma ya zaci marar bugarwa ce. Alhali ma'anar ita ce hatsin da aka jiƙa ya fitar da tsiro aka busar, irin yadda masu burkutu ke yi wa dawa. Shi ya sa na sa "tsiron sha'ir".

6. Saura "single malt". Doka a can ta ce sai an yi ta da tsiron sha'ir zalla a matata ɗaya, ta kwana aƙalla shekara 3 cikin gangar katako a Sikotland, ƙarfinta kuma kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Na rubuta "wiskin tsiron sha'ir na matata guda". Ya yi tsawo, na sani.

7. Yanzu wani dattijo daga Damagaram ya aiko mini cewa "tsiro" kaɗai na iya nufin kowane irin shuka, gara in ce "tsirarren sha'ir". Baba, na karɓa, taka ta fi tawa zama daidai. Na gyara a rubutun. Wanda ke da gajeriyar hanyar faɗin "single malt", ina jira kafin Alhamis in miƙa aikin.