Mararraba ko mahaɗa? Ina neman Hausar "intersectionality"

Jama'a, ku taya ni. Ina rubutu a kan halin da matan da ba farar fata ba ke ciki a jami'o'in Amurka, sai kalma ɗaya ta tsaya min a maƙoshi: intersectionality, wato yadda wariya iri-iri, kamar ta launi da ta jinsi, ke haɗuwa a kan mutum ɗaya.

Farfesar shari'a Kimberlé Crenshaw ce ta ƙirƙiro ta a 1989. Cikin misalanta akwai shari'ar 1976, inda baƙaƙen mata biyar suka kai ƙarar kamfanin General Motors. Kotu ta ce ba wariyar jinsi tunda ana ɗaukar mata aiki, alhali farare ake ɗauka, ta kuma ƙi yarda a haɗa launi da jinsi a ƙara guda. Suka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Abin ya dame ni ne saboda Yayata na koyarwa a wata jami'a can. Ranar farko ta shiga aji da mayafinta, tana haɗa kwamfuta, wani ɗalibi ya tambaye ta yaushe malamin zai iso. In ta tsaya a kan magana a taron sashe, a ce ta cika fushi. Namiji ya faɗi irinta, a ce ya san aikinsa. Duk kwamitin da ake son a ga baƙar fuska da mace, ita ake turawa, lokacin bincikenta ya tafi, kuma da bincike ake ƙarin girma.

Jiya da yamma, ana wannan sanyin na Jos, wani malaminmu ya ce min, "Hajiya, ki ce mararrabar wariya mana." Yana da hujja, don da mahaɗar titi Crenshaw ta kwatanta abin, kuma kowa nan ya san Mararrabar Jama'a, shataletalen nan na kusa da Jos. Na ce, "Malam, mararraba daga rarraba take, can hanyoyi ke rabuwa. Nan kuwa haɗuwa suke yi a kan mutum ɗaya."

Wata ta kawo "wariya ruɓi biyu". Bai kwanta min ba. Kamar lissafi ne, ɗaya a tara da ɗaya, alhali abin da Yaya ke sha iri ne na daban.

Na tsaya a kan "mahaɗar wariya". Na tura wa Yaya ta WhatsApp, ta amsa: "Ai nan ofishina yake."

Mai wadda ta fi ta ya kawo kafin Juma'a, ranar zan miƙa rubutun.